Usur ɗin Apelu

Lalotava, Savai'i
Farkon watan Yuli, 1986

Zuwa ga maigidana Penaia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya kuma sanyin Auckland? Ina fatan tarin nan da ka ce ɗakin ƙanƙarar kamfanin nama ya sa maka ya sake ka. Mu nan jikinmu lafiya lau, amma fa jikin kaɗai. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ka tuna usur ɗin ƙarfe da ka aiko wa Apelu shekarar da ka tafi? Tun daga ranar bai rabu da wuyansa ba. Da shi yake wanka, da shi yake barci. Ran nan ma Fasto ya ja wa'azi har cikin mutane ya fara kuka, ɗan naka ya miƙe ya busa masa, wai lokaci ya cika. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, Fasto kuwa ya yi dariya ya ce amin. Shekararsa ashirin da shida, amma duk inda ake wasa shi ne alƙali, ko an sa shi ko ba a sa shi ba.

Ranar Asabar samari suna kirikiti, wasan nan na ƙwallo da sanda, a filin gaban coci, ya je kamar kullum. Lotomau, ɗan mai sarauta Tuisila, ya fizge usur ɗin daga wuyansa ya jefa cikin garken aladu. Ya ce masa, "Kai dolo, in kana so ka shiga wajen 'yan'uwanka ka ɗauko. Amma da rarrafe, kana gurnani, kada su ɗauka baƙo ne." Penaia, ɗanka ya shiga. Ya rarrafa cikin taɓo yana gurnani, samari suna dariya, shi ma yana taya su, don ka san shi, in ya ga ana dariya gani yake ana son sa. Ana cikin haka Metuli, ƙanen Apelu, ya sauko daga gona. Ya ɗauki sandar wasan ya sauke wa Lotomau a bayan kunne, sau ɗaya tak.

Yanzu Metuli yana hannun 'yan sanda, na kuma gode wa Allah da suka riga dangin Tuisila isa gare shi. Lotomau yana babban asibitin Apia, an haye da shi a jirgin ruwa, har yau bai san wanda ke kansa ba. Usur ɗin kuwa aladu sun tattake shi cikin taɓo, ba a gan shi ba.

Tun ranar ba mu da sukuni. Ana jifan kwanon rufinmu da duwatsu, an sassare mana gwaza rabin gona. Matan da muke saƙar tabarma tare, in sun hango ni sai su ga abin kallo a teku. Majalisar dattawa za ta zauna farkon watan gobe, kuma maganar da ke yawo ita ce kora. Ba Metuli kaɗai ba, mu duka, gida da gona. Ka san Tuisila shi ne bakin majalisar, in ya ce a kore mu an gama.

Ina za mu? Kabarin iyayenka yana ƙofar ɗaki, ga na 'yarmu da ta rasu a goye. Wannan ma da sauƙi, matattu ba sa ɓata hanya. Apelu nake ji. A nan ya san kowane gida da kowane kare, in ya yi nisa wani zai juyo da shi. Ka tuna ranar da muka kai shi kasuwar Salelologa ya ƙanƙame sandar rumfa yana ihu har muka dawo da shi? In aka raba shi da Lalotava, wallahi kashe shi aka yi, sai dai ba a zubar da jini ba.

Hanya ɗaya ta rage, ifoga, mu je mu zauna ƙarƙashin tabarma a ƙofar Tuisila mu nemi gafara. To amma mai sarauta ne kaɗai ke shiga tabarma, baffanka Afoa kuma, mai sarautar gidanmu, yana tsibirin Tutuila wajen jana'iza. Na aika masa. Kai kuwa na san takardar zamanka a can ta ƙare, in ka fito ba ka komawa, don haka ban ce ka zo ba. Ban kuma ce kada ka zo ba. Ni dai na rasa inda zan sa raina.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba sai kai, ba na son durƙusa musu. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma ni waɗannan shekaru suka yi suna mayar mini da ɗa abin wasa, yau kuma ni ce zan ba da haƙuri?

Apelu yana gaishe ka. Ya tsaya a kaina sai na rubuta cewa ka sayo masa wani usur, mai igiya ja. Ga shi na rubuta. Gari yana ci da wuta, shi usur ne damuwarsa.

Ka sa mu a addu'a. Ka huta lafiya.

Ni ce matarka,
Fuatino

Lalotava
Tsakiyar watan Yuli

Maigidana Penaia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan wasiƙata ta farko ta same ka lafiya. Ɗan Fasto ne zai kawo maka wannan, jibi zai tashi. Ka tambaye shi sauran labari.

Lotomau ya farfaɗo, an ce ba zai mutu ba. Na durƙusa na gode wa Allah, domin da ya mutu da Metuli ba zai sake ganin rana ba. Amma ba a faɗin yadda yake, kuma shirun nan bai yi mini daɗi ba.

Baffa Afoa ya dawo. Ya tsufa ƙwarai, Penaia, sai da aka riƙe shi ya sauko daga bas. Ya roƙi dattawa biyu su zo gida su ji ta bakin Apelu kafin zaman majalisa, ko a gane cewa tsokana ce ta jawo. Samarin da ke filin duk sun ce ba su ga komai ba. Mutum talatin, rana tsaka, kowa ya makance. Wa zai ba da shaida a kan ɗan Tuisila? Apelu kaɗai ya rage mana.

Na zaunar da shi na yi ta koya masa, kamar yadda nake koya masa haddar Lahadin yara. Na ce ka ce ya ƙwace mini usur, ya kira ni dolo, ya sa ni rarrafe. Magana uku kacal. Na hana shi koko sai ya faɗa, ya faɗa daidai har sau da yawa, na ba shi kokonsa da sukari cokali uku. Na ce to, Allah ya kawo mu.

Da dattawan suka zo, na sa masa farar rigarsa, na share masa baki. Ɗaya ya ce, "Apelu, faɗa mana, me Lotomau ya yi maka?" Sai ya washe baki ya ce, "Lotomau abokina ne. Wasa muke yi." Dattijon ya sake tambaya, ko ya taɓa cutar da kai? Ya murza yatsu, ya ce, "Yaushe zai dawo? Ba wanda ke kirana yanzu." Dattawan suka dubi juna, suka shanye kokonsu, suka yi mana sallama cikin ladabi. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Suna fita na mare shi. Ban taɓa ɗaga masa hannu ba tun da na haife shi, ka sani, amma ranar na mare shi har bakinsa ya fashe. Na ce ka kashe mu, ƙanenka yana kurkuku saboda kai, kai kuma kana kiran maƙiyinka aboki. Bai yi kuka ba. Ya dube ni kawai, ya je bayan tankin ruwa ya zauna, ya ƙi cin abinci. Ka san taurin kansa in ya yi fushi.

Da almuru aka busa katantanwar addu'a, gari ya yi tsit, kowa ya shiga gidansa. Ni ban iya buɗe baki ba, waƙar ma Baffa ne ya ja ta shi kaɗai. Sai ga Apelu ya shigo ya zauna a wurinsa, ya fara addu'ar nan tasa da ka sani, wadda yake bin gari gida gida daga coci har bakin rafi yana kiran sunan kowa, har abinci ya huce, har Metuli ya riƙa mintsininsa. Ya kira ka, ya kira Metuli, ya kira karenmu. Da ya iso gidan Tuisila na ce a raina yau dai zai tsallake. Bai tsallake ba. Ya ce, "Yesu, Lotomau kansa yana ciwo, ka shafa masa." Da leɓen da na fasa ya faɗa. A ƙarshe ya zo kaina, ya ce, "Tino ta gaji, ka ba ta barci."

Kada ka ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Haushi na ji, har da na Allah. Shekara ashirin da shida ina roƙonsa ya buɗe wa yaron nan kai. Na yi azumi, na kai shi wurin masu addu'a, na kai shi wurin masu tausa. Ban roƙi ya zama fasto ko likita ba, na roƙi dai ya san mai ƙaunarsa da mai ƙinsa. Ko wannan ba a ba ni ba. Na ce Ubangiji, me ka ajiye shi ya yi a duniya, in ko ranar da muke bukatar magana uku daga bakinsa ba zai iya ba?

Yanzu ba sauran dabara. An ce ranar Alhamis za a dawo da Lotomau gida, Baffa ya ce Juma'a da asuba za mu yi ifoga. Na buɗe akwati na fito da tabarmar gadon gidanku, wadda kakarka ta saƙa, mai jan gashin tsuntsu a baki. Ta yi laushi kamar zane. Na ajiye ta ne don auren Metuli. Baffa ya ce a haɗa itace da duwatsun gashi da ganyen ayaba, yadda aka saba, su gani cewa mun kawo kanmu kamar aladu, in sun ga dama su gasa.

Ya kuma ce ko da wasa kada Apelu ya kusanci wurin, kuskure ɗaya ya isa a zubar da jini. Matar Fasto ta yarda za ta riƙe shi. In ba a yaye tabarmar ba har rana ta faɗi, to ka fara nema mana wurin da za mu sa haƙarƙarinmu.

Ka gai da duk na wurinku. Allah ya tsare ka.

Taka,
Fuatino

Lalotava
Ƙarshen watan Yuli

Penaia maigidana,

Ina gaishe ka cikin sunan Mai Cetonmu, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Har yanzu ban ga amsarka ba, ban sani ba ko jirgi ne ko kai ne. Zan ba ka labarin Juma'a yadda ya faru, ka yi haƙuri da tsawonsa.

Kafin gari ya waye mun isa ƙofar Tuisila. Baffa ya zauna a kan tsakuwa, aka lulluɓe shi da tabarmar tun daga kai, mu kuma dangi muka zauna bayansa kanmu a ƙasa. Ka san ƙa'ida, ba magana, ba motsi, ba shan ruwa, kuma ba hannun da zai taɓa tabarmar sai na wanda aka yi wa laifi. An sauke labulen ganyen kwakwa a babban ɗakinsu, ba ma ganin kowa. Samarinsu kuwa sun jeru a gefe da adduna, wani yana wasa tasa da dutse don mu ji.

Rana ta fito, ta ɗaga, ta zo tsaka. Tsakuwar nan baƙa ta yi zafi har ina jin ƙafata tana soyuwa. Ba wanda ya leƙo. Ina kallon tabarmar tana karkata hagu, ta dawo, ta sake karkata. Baffa yana numfashi kamar ana jan zarto. Na ce a raina tsohon nan a nan zai mutu, mu yi biyu babu. Na yi addu'a har kalmomi suka ƙare mini, na koma cewa Yesu, Yesu, ba ƙari.

Sai na ji takun da na sani, wannan jan ƙafa nasa. Apelu ne. Ashe ya ji yara suna cewa Lotomau ya dawo, ya bar matar Fasto tana shanya ya sulale. Ga shi tafe da gwanda a hannu, zanensa ya kusa kwancewa. Na yi masa alama da ido, na yi da hannu, ko kallona bai yi ba. Ya tsaya gaban tabarmar ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Baffa, me kake yi a nan? Zafi fa. Fito." Ya sa hannu ya yaye ta.

Penaia, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin wanda ya zo neman gafara ya yaye wa kansa tabarma ba. Kamar ka ce wa mutane ba ka bukatar gafararsu ne. Wata cikin danginmu ta saki ihu, samarin suka yo kanmu, na rufe ido ina jiran saukar adda. Shi kuwa ya saɓa tabarmar kakarka a kafaɗa, bakinta yana jan ƙasa, ya ratsa tsakiyarsu yana cewa, "Gafara, gafara, zan ga abokina." Ban san abin da ya riƙe hannunsu ba. Wataƙila sun saba ganinsa yana ratsa fili ana tsakiyar wasa. Ya ɗaga labule ya shiga, a tsaye ƙiƙam, gaban masu sarauta suna zaune, ko sunkuyawa bai yi ba. Labulen ya maƙale a sama, shi ya sa na ga sauran da idona.

Lotomau yana kwance a tsakiyar ɗaki. Saurayin nan da ke ɗaga buhun kwakwa da hannu ɗaya ya zama kamar tsumma. Bakinsa ya karkace, yawu yana bin haɓarsa, hannun dama a lanƙwashe kan ƙirji. Uwarsa Vaosa tana gefensa da mafici. Zan faɗa maka abin da na ji, Allah ya gafarta mini. Daɗi na ji. Na ce a raina, yau wa ye dolon? Ina zaune a ƙofarsu ina neman gafara, wannan ne abin da ke cikina.

Apelu ya ajiye gwandar. Ya shimfiɗa tabarmar a kan Lotomau, ya ja ta har wuya, ya cusa gefe da gefe, daidai yadda nake lulluɓe shi in zazzaɓi ya kama shi. Ya kama bakin zanensa ya share masa yawun, ya ce, "Yi haƙuri, ni ma yana zubo mini. Tino tana gogewa." Ya zauna ya riƙe hannun nan da ya mutu, ya fara ba shi labarin wasa, wa ya ci wa ya faɗi. Lotomau ya yi wani sauti, ba magana ba ce, hawaye yana gangara cikin kunnensa.

Wani mai magana da yawun gidan ya miƙe da sandarsa ya ce wannan raini ne, a fitar da tabarmar a jefa mana, ifoga ta ɓaci. Tuisila ya daɗe yana kallon Apelu da Lotomau. Vaosa ce ta fara magana, ita da ba ta da bakin magana a wurin. Ta ce, "Abokansa ko ɗaya bai zo ba tun jiya. Sun leƙo sun gudu." Ta kifa kanta a kan tabarmar tana kuka.

Can Tuisila ya ce, "Tabarma ta shigo ɗakina, ta rufe ɗana. Wanda zai iya yaye ta daga kansa ya tashi ya yaye. Ni ba zan iya ba." Ba wanda ya motsa. Sai ya ce a shigo da Afoa a ba shi ruwa kafin ya mutu masa a ƙofa.

Aka yi jawabai yadda aka saba, ni ban ji ko ɗaya ba. Apelu ya ci rabin gwandar da ya kawo wa mara lafiya, ya kuma nemi a ba shi koko. Haka aka karɓi ifoga ɗinmu.

Saura majalisa. Baffa ya ce tunda Tuisila ya karɓa da wuya a kore mu, amma ni sai na ji da kunnena. Har yanzu in ganye ya faɗo kan kwano sai gabana ya faɗi.

Ka rubuto, don Allah, ko layi biyu ne.

Matarka,
Fuatino

Lalotava
Watan Satumba

Zuwa ga maigidana Penaia,

Gaisuwa da fatan alheri cikin Ubangiji. Yaya jiki, yaya aiki? Wasiƙarka ta iso tare da saƙon, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ga tun watan Yuli ka rubuta ta, kafin labarin ifoga ya same ka, don haka ba zan riƙe ka da abin da ke ciki ba. Amma zan amsa.

Da farko, majalisa ta zauna. Ba a kore mu ba. An ci mu tarar aladunmu duka har da mai ciki, Metuli kuma ba zai taka Lalotava ba sai dattawa sun kira shi, ko da kotu ta sake shi. Na je na gan shi. Ya rame, ya tambayi Lotomau, da na faɗa masa yadda yake sai ya juya fuska bango. Ɗa ɗaya na samu na riƙe, ɗayan ya suɓuce mini, kullum da wannan nake kwana nake tashi.

Ka ce a wasiƙarka tun farko Apelu ne ke jawo mana magana, in ƙura ta lafa in kai shi gidan nakasassu na mishan a Upolu mu huta. Ban ji haushinka ba, ni ma na taɓa raya haka a zuciyata ranar da na mare shi. Amma ka sani, rufin da za ka dawo ka samu a kanka, shi ya riƙe mana shi. Mu masu hankali mun yi shawara, mun yi dabara, mun ɓoye shi don kada ya ɓata mana. Ba inda zan kai shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun shi ne mai lafiyar a cikinmu.

Kada ka ce na mayar da shi mala'ika. Jiya ma ya shanye madarar gwangwani ya ce kare ne. Amma na daina addu'ar nan ta shekara ashirin da shida. Ina roƙon Allah ya koya masa sanin maƙiyinsa, ashe abin da Ubangiji ya yi ta fama ya cire daga zuciyata ke nan, ni kuma ina nema wa ɗana. Tun ina yarinya nake jin a ƙaunaci maƙiyi, na haddace, na koya wa yara a makarantar Lahadi. Ban taɓa ganin an yi ba sai ranar Juma'ar nan. Ni har yau ban iya ba. In na tuna garken aladun nan sai ƙirjina ya yi zafi. Da almuru in ya fara bin gari gida gida, yanzu ba na ƙosawa, bin sa nake yi a hankali, in mun iso gidan Tuisila in ce amin ko da daƙyar ne.

Kullum da safe Apelu yana can. Shi ke ba Lotomau abinci, yana ce masa, "A hankali, ba mai korar ka," maganar da na yi shekaru ina faɗa masa. Likita ya ce ƙafa za ta iya dawowa, magana kuwa sai wani ikon Allah. Shekaranjiya Vaosa ta rako Apelu gida, ta zauna a bakin kabarin 'yarmu ta ƙi shigowa. Ta ce, "Fuatino, na san abin da yake yi wa ɗanki. Gari duka an sani, ni ma na yi dariya wata rana." Ta ce, "Yaya kika yi duk shekarun nan? In na mutu wa zai share masa baki?" Tambayar da ke hana ni barci tun ranar da na haifi Apelu, yau ga ta a bakin matar Tuisila. Na matsa kusa da ita muka yi kuka tare, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ta ce abin da ya fi ci mata rai, in tana bayan gida wajen girki Lotomau ba ya iya kiranta. Ran nan ya faɗo daga shimfiɗa ya daɗe a ƙasa ba wanda ya sani. Ashe Apelu yana jin mu. Ya zo ya tsaya a kaina yanzu da nake rubutu, ya ce in tuna maka maganar usur, mai igiya ja. Na ce na riga na rubuta tun tuni. Ya ce a'a, in sake, wancan guda ɗaya na ce.

Biyu za ka sayo, Penaia. Ya ce ɗaya na Lotomau ne, ya riƙa kiran uwarsa da shi, shi zai koya masa busawa. Ka duba mai taushin busa, wanda ba ya bukatar iska da yawa.

Baffa yana gaishe ka, Fasto da matarsa ma haka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka har kullum,
Fuatino